Rugar Ramla a Intanet

Tun daga nesa Ramla ta hango dawowar mahaifinta, ta kuma san akwai magana. Malam Hamma idan ya dawo daga kasuwar Kafin Maiyaki, kafin ya kashe babur yake fara kiran sunayen yara yana raba musu rake. Ranar kuwa shiru ya jingine babur ɗin a gindin ɗorawa, ya wuce rumfarsa, ya aika a kira ta.

Tun da ta gama kwaleji ta dawo gidansu a Ɗansoshiya, Ramla rubutu take yi. Ta buɗe shafi a wani dandalin kyauta na intanet, tana zuba labaran gida: yadda kakarta Inna Kande take kaɗa nono, sunayen shanu da halin kowace, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Mutane daga Kano da Kaduna, har da wasu ƙasashe, suna karantawa suna yi mata magana. Duk saƙon da ya shigo, sai ta ji kamar an buɗe mata wata sabuwar taga a ƙirji.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Bai ɗago ba.

"Sale maƙwabcinmu ne ya buɗe wayarsa a teburin mai shayi," in ji shi, "wai zai nuna wa jama'a aikin 'yata. Ga hoton Inna tana kaɗa nono. A ƙarƙashinta kuma ga wata mata ko ɗankwali babu, tana kiran mutane caca. Har mai shayin sai da ya yi dariya."

"Baba, wallahi ba ni na sa ba. Masu dandalin ne suke liƙa talla, ban ma san wadda za ta fito ba."

"Shafin na wane ne?"

"Nawa ne."

"Naki ne, amma wani yake shigowa ya liƙa abin da ya ga dama kusa da mahaifiyata? Ki rufe shi."

Ta yi kuka a ɗakin Inna Kande har idanunta suka kumbura. Tsohuwar tana tsinke zogale, ko a jikinta.

"Ni da aka jera da marar ɗankwali ban yi kuka ba, sai ke? Ta fi ni kyau ne, ko?"

"Inna, don Allah ki bari."

"A'a, gaya mini. In ta fi ni, in nemo janbaki."

Washegari Zailani ya zo kawo saƙon mahaifiyarsa. Ɗan goggon Ramla ne, taubashinta, yana haɗa wa makarantu da 'yan kasuwa shafuka a Kiru. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su yi faɗa ba, amma a 'yan watannin nan idan ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta tsinci kanta tana gyara mayafi.

"Baiwata, wa ya taɓa mini ke? Fuska kamar an jiƙa gurasa."

"Wace ce baiwarka? Kai da har yanzu kake tsoron ɗan maraƙi."

Duk da haka ta ba shi labari. Ya daina dariya, ya zauna a kan turmi.

"Kawu ya yi gaskiya," ya ce. "Zaman alfarma kike yi a gidan mutane, abin da suka rataya a bango ba ki da ta cewa. Amma za ki iya yin naki. Ki kama wurin ajiya a intanet, ki sayi sunan da kike so, ki ɗora manhajar rubutu da hannunki. Daga nan ba talla sai wadda kika yarda da ita. Launi, tsari, har wanda zai yi magana a ƙasan rubutu, duk ke ce."

"Kai za ka yi mini?"

"A'a. Ke za ki yi, ina gefe ina yi miki dariya."

Ta bi umarnin mahaifinta. Ta kwashe duk rubutunta da hotuna, ta rufe tsohon shafin. Sannan ta sayar da zabinta, ta kama wurin. Kullum da hantsi sai ta hau tudun bayan gida inda waya ta fi kamawa, kwamfutar Zailani a cinyarta. Sau da dama ta ɓata komai, allo ya yi fari fat, ta ce ta fasa. Shi kuma ya ce, "Madalla, dama tallar nono ta fi dacewa da ke." Sai haushi ya sa ta sake farawa. Ta zaɓi launin ƙwarya, ta sa hoton garke yana dawowa da yamma a can sama. Amma ba ta buɗe wa kowa ba. Sai Baba ya gani.

Da ƙyar Inna Kande ta jawo ɗanta zuwa tudun, ta ce idan bai zo ba ita za ta je kasuwa ta nemo matar nan su yi hoto tare. Malam Hamma ya shimfiɗa buzunsa, ya ajiye sanda, ya daɗe yana kallon allon. Ya sa aka gangara har ƙasa, aka dawo sama. Babu matar, babu kowa.

"Wurin da kika ɗora shi, kin saya?"

"A'a, Baba. Duk shekara ake biya."

"To ai haya ce har yanzu." Ya miƙa hannu zai ɗauki sandarsa. "Mai wuri gobe zai iya canza hali."

Ramla ta dubi Zailani, shi kuma ya dubi ƙasa, don ba ya jayayya da kawunsa. Sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Idan ya canza hali, tashi zan yi, Baba. Komai yana hannuna: rubutun, hotunan, maganganun mutane. In ɗaure su wuri guda in koma wani wajen, sunan kuma ya bi ni. Masu nemana ba za su ɓata ba."

Hannun Malam Hamma ya tsaya a kan sandar. Shi ɗin da ƙafarsa ya taso da shanu daga Doguwa yana saurayi, lokacin da wurin kiwo ya yi musu kaɗan, bai bar ko ɗan maraƙi a baya ba.

"Duka? Ba a riƙe miki ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Tashi in gani."

Zailani yana da wani wurin da yake ajiye ayyukansa, ya ba ta aro. Ramla ta fara ɗaure kayanta. Waya ta yanke, ta dawo, ta sake yankewa. Rana ta take, suka matsa inuwa. Malam Hamma ya tafi ya yi azahar ya dawo ya zauna. Inna Kande ta aiko da fura. Gumi yana bin wuyan Ramla, tana addu'a a zuci, Zailani kuma a karon farko a rayuwarsa ya kasa tsokanarta.

Can sai shafin ya buɗe a sabon wurin. Malam Hamma ya matso, ya ce a nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Yana kallo yana kiran sunayen shanun da ke hotunan, kamar yadda yake yi idan sun dawo daga kiwo. Duk suna nan.

Ya jingina da itace, murmushi ya kufce masa.

"Ashe ruga ce," ya ce. "Ai da kun ce mini ruga ce tun farko."

"Baba… in buɗe?"

"Buɗe. Amma da sharaɗi. Duk wanda ya zo zai yi magana bai yi sallama ba, kada ki bar shi ya shiga."

"Wannan ma zan iya!" Ta faɗa da ƙarfi har ta ji kunya, ta rufe fuska da mayafi, dariya da hawaye suna zuwa mata tare.

Malam Hamma ya naɗe buzunsa ya gangara, yana ƙwala wa yara kira su kaɗo maruƙa. Ramla ta share ido ta jawo kwamfutar.

"Matsa," ta ce wa Zailani, "kana tare mini haske."

Ya matsa, amma kusa da ita. Ba ta ce komai ba. Ta danna, shafin ya buɗe wa duniya.