Ƙungiyar da Derus Ya Zaɓa wa 'Yarsa

"Taka mana, Senah, za su ɓace mana!"

"Yaya Derus, motar tallar shinkafa ce fa, ba jirgin sama ba. In na ƙara takawa, miyar barkonon nan a wuyanka za ta kife."

Ko murmushi bai yi ba. Ya dafe gaban motar da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da robar da ke hancinsa, tukunyar iskar numfashinsa tana tsakanin ƙafafunsa. Idonsa na kan motocin samarin da suka taso daga shagon mai shayi, mu kuma muna biye da su. Ko garin Kajang ba mu gama fita ba suka fara halinsu. Wannan ya ratsa ta gefen titi, wancan ya yanke wa mai babur hanya har matar da ke bayansa ta saki ledarta, sauran suna danna hon suna ihu ta taga.

"Ya isa," in ji Derus. "Juya mu koma. Na ga abin da na zo gani."

Waɗannan su ne 'Yan Walƙiya, ƙungiyar da 'yarsa Marlina ta ƙwallafa rai a kai.

Ni da Derus bango ɗaya ya raba gidajenmu. Tun ina amarya nake jin tashinsa da asuba in zai fita da bas, daga baya kuma tarinsa nake ji, har na san irin tarin da zan juya in ci gaba da barcina da irin wanda zan jawo mayafi in fita. Huhunsa ya gama aiki. Likita ya sallamo shi, ya ce a kai shi gida a ba shi abin da ransa yake so. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansa Fikri kuwa a kan gadar sama aka tsince shi, shi da abokansa suna tsere a titi. Marlina kaɗai ta rage masa, ita ma kuma ga ta da ciwon yayanta. Da rana tana kantin magani tana yi wa tsofaffi magana a hankali, in ta tashi sai ta shiga jar motar nan tata mai ƙarar salansa, ta zama wata daban. Ni da idona na gan ta ta wuce ni a hanyar kasuwa, sai da na yi salati.

Ya yi faɗa, ya yi kuka, ya ɓoye makulli, duk a banza. Ƙarshe suka yi ciniki. Akwai ranakun da ake buɗe filin tsere wa mutanen gari, kowa ya je da motarsa ya yi gudunsa inda babu babur, babu mai tsallaka titi, amma da ƙungiya ake zuwa. Marlina ta rantse in ya yarda ta shiga ƙungiya tana zuwa fili, ta bar gudu a titi har abada. Shi kuma ya ce ya yarda, amma shi zai zaɓa.

To shi ne aka mayar da ni direba. Duk Lahadi in na gama sayar da shinkafar kwakwa, sai in ɗauke shi mu tafi inda wata ƙungiya take shan shayi. Ba ya tambayar su ƙarfin inji, ba ya leƙa mota. Ya zauna ya sha shayinsa, in sun tashi ya ce in bi su.

"Wai me kake nema ne a bayan mutane?" na tambaye shi.

"A fili kowa mutumin kirki ne, akwai masu tuta suna kallo. Ni hanyar gida nake son gani."

Waɗanda suka yi masa a ƙarshe, wallahi ni kaina sai da na yi dariya. Ƙungiyar Safiyar Lahadi. Rabinsu furfura, akwai wata malamar makaranta mai gilashi, akwai mai tumbin da ban san yadda yake shiga motarsa ba. Shugabansu wani likitan haƙori ne, Selvam, baƙi dogo mai sanyin magana. Da suka tashi sai suka jeru, shi a gaba, malamar a ƙarshe. Motar ɗayansu ta ƙi tashi, duk suka kashe nasu suka fito suna tura ta.

Derus ya sa na tsayar da likitan. Suka daɗe suna magana ta taga.

"Yarinyar tana da hannu," in ji Derus, "amma ba ta da birki a ka."

"Duk haka muka zo, Baba. Ni sai da na raba mota gida biyu kafin na yi hankali. Dokarmu kaɗan ce. Tare muke tafiya, tare muke dawowa. In an shiga fili kuma kowa ya ajiye wayarsa a kwando, tawa ce kaɗai a kunne."

"Ba wa wannan baiwar Allah lambarka," Derus ya ce, yana nuna ni.

Da Marlina ta ji, har gidana na jiyo ta.

"Haba Baba! 'Yan fansho? Waɗannan ai kunkuru ma sai ya ba su rata!"

"Kin rantse ko ba ki rantse ba?"

"Na rantse, amma ai ban ce ka kai ni gidan tsofaffi ba."

"To ki je ki koya musu gudu, su koya miki tsufa."

Ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure, sannan ta manna sitikarsu a gilashin baya, a can ƙasa inda ba kowa zai gani ba.

Ranar da za ta fara zuwa fili Asabar ce. A daren da ya gabata tarinsa bai yi mini daɗi ba, don haka da sassafe na shiga da kunun shinkafa. Sai na tarar da shi a falo, ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a, har da taje gashi. Marlina tana tsaye da hular kwano a hannu tana kallonsa.

"Baba, anya kuwa? Numfashin nan naka ban yarda da shi ba. Bari in bari sai wani watan."

"Ji min yarinya. Tsoro ya kama ki ke nan? 'Yan fanshon ne suka firgita ki?" Ya karɓi kwanon daga hannuna ya kai cokali uku a jere. "Ga Goggonki nan. In na yi atishawa ma sai duk layin nan ya ji daga bakinta."

"Goggo, in wani abu ya faru ki kira ni fa."

"Je ki, Allah ya tsare," na ce mata.

Ta sumbaci hannunsa ta fita. Ya kasa kunne har ƙarar salansar ta bar unguwa. Sannan ya ajiye kwanon, kunun da ya sha ya dawo duka a gaban rigar, ya zame daga kujera.

Da ƙyar na ja shi zuwa katifa. Leɓensa ya yi shuɗi. Na ciro waya, sai na ji ya damƙe mini hannu, ban san inda ya samo ƙarfin ba.

"Wa za ki kira?"

"'Yarka mana! Ko tol-get ba su kai ba."

"Ajiye."

"To likitan haƙorin. Ya dawo da ita a hankali."

"Ba zai iya ba." Ya daɗe yana neman iska. "In ta ji da sauran numfashina, ba mai riƙe ta. Na san abin da na haifa. Za ta ce sai ta riga Mala'ika zuwa. Mai rai ake yi wa gudu, Senah. Gawa tana jira."

"Kai dai mugu ne, Yaya Derus. Yarinya ba uwa, ba ɗan'uwa, ka hana ta ganin fitar ranka? Ni kuma ka bar ni da ita?"

"Na ɗauko ɗaya daga titi da hannuna. Ba za a kawo mini ta biyu ina kwance ba. Sai na cika ki kira likitan. Ki yi mini wannan don Allah."

Na zage shi, Allah ya yafe mini, na ce masa tsoho mai taurin kai. Sannan na ajiye wayar a kan tabarma, na leƙa ta katanga na aika a kira liman.

Liman ya zo ya zauna wajen kansa yana karanta Yasin. Ni ina goge masa baki da tsumma mai ɗumi. Fankar sama tana juyawa, mai gas ya wuce yana kiran masu saye, maƙwabta suka fara taruwa a baranda suna magana ƙasa-ƙasa. Kowace ta leƙo sai ta ce, "An kira Marlina kuwa?" Ni kuma in ce ana nema. Rana ta yi sama. Ina ganin yadda ƙirjinsa ke ɗagawa, na san da an kira ta tun ɗazu da yanzu tana tsugune a nan.

Abin da bai faɗa mini ba, don shi ma bai sani ba, shi ne hankalinsa zai riga shi tafiya. Can wajen azahar ya buɗe ido yana dube-dube.

"Lina ta iso?"

Na ci gaba da goge masa baki.

"Senah, ina Lina? Ku kira mini Lina mana."

Liman ya dakata da karatu ya dube ni. Wayar tana gefen gwiwata. Na ɗauka, na nemo sunan likitan haƙorin, yatsana yana kai. Oh ni Senah! Wanne zan bi, Derus na safe ko Derus na yanzu? Na safe ya san abin da yake faɗa. Na yanzu kuwa uba ne kawai yana neman 'yarsa, hawaye na bin gefen idonsa yana shiga kunne. Ban taɓa jin tsanar mutum da tausayinsa a lokaci guda irin na ranar ba. Na kife wayar na kama hannunsa.

"Tana hanya, Yaya. A hankali take tahowa."

"A hankali," ya ce. Ya sake kiran sunanta, ya kuma sakewa. Liman ya matso yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ana kiran salla a masallacin unguwa ya cika.

Na rufe masa ido, na fita bayan gida wajen shanya, na kira Selvam. Ina jin ƙarar motoci a bayansa. Na faɗa masa, na kuma faɗa masa abin da marigayin ya roƙa. Ya ce, "To, Inna. Za mu kawo ta."

Maza suka yi masa wanka, aka yi masa sutura, aka shimfiɗe shi a falo. Liman ya ce za a jira ta har la'asar. Hadari ya haɗo, ruwa ya sauko.

Cikin ruwan suka shigo layinmu. Motar Selvam a gaba, ta mai tumbin nan a gefe, ta malamar a baya, sauran a jere, duk sun kunna fitilu. Jar motar tana tsakiya, da lambar fili manne a ƙofarta. Daga baya malamar ta gaya mini Marlina ta ƙi ba da makulli, ta ce duk wanda ya taɓa ta sai ta karya shi, shi ne suka sa ta a tsakiya tun daga bakin fili. Na ga shaida da idona. Bayan motar likitan ya lotse, fitilarsa ɗaya ta fashe, gaban tata ma haka. Duk tsawon hanyar tana tunkuyinsa ya ba ta hanya, shi kuwa bai ƙara gudu ba, bai kauce ba.

Marlina ta fito ba lema, muryarta ta dishe. A bakin ƙofa ta same ni.

"Yaushe?"

"Da azahar."

"Yaushe jikin ya rikice?"

Zan iya cewa farat ɗaya ne. Matan da ke baranda duk sun sunkuyar da kai, ba wadda za ta ƙaryata ni a ranar. Amma gobe fa?

"Kina fita," na ce.

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Na ce ki kira ni, Goggo. Da kin kira ni da na same shi."

"Da kin same shi, ko da an kawo gawarki. Shi ya hana."

"Ya neme ni?"

Na dafa ƙyaure.

"Ya neme ki."

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sunkuya ta kwance takalmanta ɗaya bayan ɗaya, ta ratsa ta gefena ba tare da kafaɗarta ta taɓa tawa ba, ta shiga wajen ubanta. Har yau da nake ba ku labarin nan Marlina tana nan da ranta, tana zuwa fili da tsofaffinta, ba wanda ya ƙara ganin gudunta a titi. Kuma har yau in mun haɗu a bakin get, sai ta duba wani wajen.

Na tsaya a baranda, ban san ko in shiga ko in tafi gidana ba. Selvam da mutanensa suna tsaye a waje cikin ruwa, sun haɗa hannuwa a gaba, ba su shigo ba, ba su kuma tafi ba. Jar motar tana tsakiyar layi yadda ta bar ta, ƙofa a buɗe, inji a kunne, ruwa yana jiƙa kujerar direba. Abin share gilashi yana ta kaiwa da komowa, kuma a cikinmu duka ba wanda ya iya zuwa ya kashe ta.