Gwiwar Munzali

Sau biyu Hajiya Muzdalifa tana sallama kafin a amsa mata. Tana shiga ta tarar da Munzali, ɗan wasan gaba na ƙungiyarta, kwance a kan tabarma a gindin darbejiya, ƙafarsa ta dama naɗe da bandeji tun daga cinya har ƙwauri. Ya yunƙura zai tashi.

"Kwanta abinka," ta ce, ta ajiye ledar lemo a gefensa. Ba ta iya kallon ƙafar ba.

Shekara tara ke nan da ta fara da ɗan shagon gyaran waya a Gusau. Yanzu kamfaninta na rubuta manhajoji ne, da ma'aikata sama da talatin. Da ta sayi ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Shahon Gusau an yi ta dariya, wai ina mace ina ƙwallo. Ita kuwa ta san abin da take nema. Ta saka wa kowane ɗan wasa 'yar na'ura a bayan riga, mai auna gudunsa da gajiyarsa. Wanda jikinsa ke neman hutu, sai sunansa ya koma ja a manhajarta.

Ranar Juma'ar da ta wuce sunan Munzali ya yi ja. Washegari kuma baƙi za su zo daga Abuja su ga yadda manhajar ke aiki, su ga Munzalin da ake ta labari. Ta daɗe tana kallon sunan, sannan ta cire shafin daga rahoton da ta tura wa mai horar da su, Malam Tajuddeen. Ana saura rabin sa'a a tashi wasa, gwiwar Munzali ta goce, jijiya ta tsinke. 'Yan kallo suka yi ta jifan Malam Tajuddeen da ledar ruwa suna zaginsa. Tun ranar ya koma gidansa a Bungudu, bai sake leƙo filin ba. Ita kuma kwana biyar tana kai gwauro tana kai mari a ofis kafin ta iya kama hanyar Tsafe, garin su Munzali.

Mahaifiyar Munzali, Inna Delu, ta fito daga ɗaki da kwanon fura.

"Marhabin da Hajiya! Ke da kanki? Allah shi saka miki da alheri, ɗiyata. Ke kin riƙe mana shi da amana. Shi ko wancan Tajuddeen, na bar shi da Allah. Mutum shi ga yaro na ɗingishi shi tura shi fili?"

"Inna, ki bari," in ji Munzali.

"Ba ni bari! Ko duba ka bai zo ba."

Hajiya Muzdalifa ta karɓi furar ta kai ludayi baki. Sai da tsohuwar ta shiga maƙwabta kiran mutane su zo su gaida baƙuwa sannan ta ajiye kwanon.

"Munzali, akwai maganar da ta kawo ni. Sunanka ya yi ja ranar Juma'a. Na gani da idona. Ni na ɓoye."

Ya shiga wasa da bakin tabarma.

"Na sani, Hajiya."

"Ka sani?"

"Ai saƙon yana shigowa wayata ni ma. Kin manta ke kika ce a yi shi haka? Na gani, na yi shiru. Shekarata ashirin da shida. In mutanen Abuja ba su gan ni ranar ba, yaushe za su gan ni?" Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Da na ji Malam ya kira sunana cikin masu farawa, na gane ba ki nuna mishi ba. Har daɗi na ji."



"Ni da ke mun san abin da muka yi," ya ce a hankali. "Malam ne kawai bai sani ba. Kullum sai ya kira ni yana ba ni haƙuri. Jiya har kuka ya yi, wai tsufa ya sa idonsa bai lura ba. Ya hana ni gaya wa Inna yana kira, wai ta fi shi gaskiya."

Muryoyin mata suka taso daga zaure. Ta zauna ta amsa gaisuwa da addu'o'i, kowace amin tana mata nauyi a baki. Da za ta tafi ta durƙusa gaban Inna Delu ta ce za ta dawo jibi, tana da magana da ita.

A hanya wayarta na ta ruri a jaka. Suna shiga Gusau direbanta Idris ya sa sigina zai karya kwanar ofis.

"Miƙe kawai," ta ce.

"Hajiya, mutanen Abuja fa sun dawo, suna jira tun azahar."

"Su jira. Ka san gidan Malam Tajuddeen a Bungudu?"

"Na san unguwar. Sai dai mu yi tambaya."

"To mu je mu tambaya."