Farantan Haya

Shekarar da aka kafa dokar rage hayaƙi, babu wanda ya kai Alhaji Yamusa murna a Karu. Tsohon injiniya ne da ya yi ritaya ya gina bene mai shaguna goma sha biyu, kuma tun kafin gwamnati ta farka ya raba gininsa da janareta. Farantan sola goma sha shida ya ɗora a rufi, na gani na faɗa. Su ke ɗaukar firjin mai magani da kekunan tela da fankar kowa. Dokar ta ce duk ginin kasuwancin da bai sami takardar shaida ba za a garƙame shi. Yamusa ya ce madalla, a garƙame.

Maƙwabtansa ko a jikinsu. Sun san Ɗangoggo na Apo, mai ba da hayar rumfa da kujerun biki, wanda yanzu ya ƙara da hayar farantai. Matattu ne, ko tocila ba za su kunna ba, amma in an goge su da tsumma sai ƙyalli. Ana gobe masu dubawa za su zo zai shimfiɗa maka su, suna tafiya ya kwashe ya kai gaba. Yamusa har tsaki yake ja in motarsa ta wuce.

Ranar dubawa ya sha babbar riga. Jami'ar da aka turo, Zakiyya, ta hau rufi ta auna da tef, ta sauko.

"Baba, sorry, ba ka ci ba," in ji ta. "Doka ya ce sola ya rufe rabin rufi. Naka ko kwata bai kai ba."

"'Yata, zo ki duba mita. Shekara biyu ginin nan bai sha ko cokalin dizal ba."

"Na yarda, Baba, wallahi. Amma form ba shi da wurin mita, rufi kawai oga ya ce mu auna. Two weeks, in na dawo na same shi haka, za mu sa kwaɗo."

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya rubuta koke shafi biyar ya kai hukumar da kansa, aka ce darakta yana ƙasar waje taron sauyin yanayi. Ya nemi ƙarin farantai na gaske, aka ce manyan otal-otal sun wawashe, sai bayan wata biyu. 'Yan haya suka fara yi masa sintiri. Rakiya mai magani ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye shi ina za ta kai alluran da ke firji in an rufe. Wannan tambayar ce ta karya shi.

Ana saura kwana ɗaya ya kira Ɗangoggo, murya ƙasa-ƙasa kamar mai gaisuwar mutuwa.

Ɗangoggo ya zo da mutanensa suka jera farantai talatin. Sai ya ga na Alhaji sun ɓata layi, ya sa aka kwance su aka daidaita da sauran don su yi kyau a hoto. Wajen daidaitawa wani ya haɗa wayar da bai kamata ba, inbata, na'urar da ke sarrafa wutar solar, ta yi tas, wuta ta ɗauke a ginin. Yamusa ya hau rufi yana salati.

"Kwantar da hankalinka, Alhaji," in ji Ɗangoggo. "Ai da ƙaramin janareta muke bayarwa. Kowa da shi yake cin jarabawar."

Washegari suka ɓoye janaretan a lungun baya, suka kewaye shi da tsofaffin katifu don kada a ji ƙara. Firjin Rakiya ya tashi, fankoki suka juya.

Zakiyya ta auna, ta kunna fitila ta kashe, fuskarta ta washe. "Ka gani, Baba? Ashe za ka iya!" Ta manna koriyar takarda a ƙofa, ta ce ya tsaya kusa da takardar ta ɗauke shi hoto, za a sa shi a rahoto ya zama abin koyi.

Ya tsaya. Iska ta kwaso warin fetur daga lungu ta watsa masa a fuska, idanunsa suka kawo ruwa.

"Baba, lafiya? Kuka kake?"

Ya buɗe baki zai ce hayaƙi ne, sai ya tuna a takarda ginin nan ba ya hayaƙi.

"Murna ce, 'yata," ya ce. "Ɗauki."