Kukan Amfilifayar Mista Odell

"Taka min koriyar, Earline," in ji Mista Odell. "Ba wannan ba, koriyar. Ke da kika tsufa a kan keken ɗinki, yau launi ya gagare ki?"

Na taka. Ƙafarsa ta kumbura har silifa ba ta shiga, shi ya sa nake taka masa fedojin canza sautin jita da ya jera a gaban gado. Ya tura tsirkiya ɗaya sama da yatsa, jitar ta yi wani ɗan kuka kamar kyanwa a bayan ƙofa. Ya girgiza kai.

"Ƙarya take yi," ya ce. "Kwaikwayo ne."

Ni da Mista Odell Pettiway ƙofofinmu na kallon juna ne a hawa na biyu, nan kudancin Chicago. Direban bas ne har ya yi ritaya, kuma bai taɓa riƙe jita ba sai da matarsa Luvenia ta rasu. Ran nan sai ga shi yana hawa bene da ƙyar, rungume da jita da tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, daga shagon gwanjo, wai zai koyi kiɗan blues. Na ce masa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya ce ai busasshen shi ke kama wuta.

Amfilifayar irin ta da ce, mai 'yan kwalabe a baya da ke yin ja in sun ɗau zafi. Irinta ba ta sakin muryarta sai an murɗa ta sosai, kwalaben sun jigata, sannan sautin ya dushe ya yi kuka. To a ƙarƙashinmu kuwa mai gidan ne, Dikin Fulgham, dattijon coci, wanda ya rantse kiɗan mashaya ba zai ratsa rufinsa ba. Don haka lambar sautin ba ta taɓa wuce biyu ba. Sai Odell ya koma sayen feda, yau koriya gobe ja, kowace an ce masa za ta ba shi kukan nan ba tare da ƙara ba. Duk ya tara, bai samu ba.

Yanzu kuma asibiti sun dawo da shi gida, ba don ya warke ba.

'Yarsa Renita ta shigo da farfesun kaza. "Baba, ajiye abin nan ka huta."

"Hutu na nan zuwa, mai tsawo ma." Ya buɗe tafinsa yana kallon yatsunsa. "Sau ɗaya nake so in ji kukan amfilifayar nan da hannuna, kafin waɗannan su ƙi ni. Sauka bene dai kun san na gama."

Na gyara hulata na sauka ƙasa.

Na sami Dikin yana goge takalmin coci. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

"'Yar'uwa Earline, kin san ƙa'idar gidan nan. Ni na san abin da kiɗan nan ya yi wa gidan ubana a Mississippi. Addu'a mutumin nan yake bukata."

"Addu'a muna yi masa safe da yamma. Ba izini na zo nema ba, Dikin, sanarwa na kawo. Lahadi bayan an tashi daga coci za mu murɗa ta. In korata za ka yi, ka bari sai Litinin."

Na juya na hau benen. Ba ni da wani wurin zuwa, ni na sani, shi ma ya sani. Amma na riga na faɗa, kuma ba zan lashe ba.

Ranar Lahadi muka tayar da Odell muka jingina shi da filo, Renita ta ɗora masa jitar a ciki. Ya ce a cire fedojin duka, waya ɗaya tak daga jita zuwa amfilifaya. Na kunna, na kai hannu zan murɗa.

"Dakata," in ji Odell. "Bar ta ta ɗau zafi. Ba a tashin tsohuwa daga barci a ce ta yi gudu."

"Da ni kake?"

"Wanda ya tsargu."

Muna jira aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dikin ne, ko kwat ɗin coci bai cire ba. Renita ta dube ni, ni kuwa na tsaya a gaban amfilifayar na riƙe ƙugu.

"Dikin," in ji Odell, "kai kaɗai ne, ko 'yan sanda na tafe?"

Dikin ya daɗe yana kallon kwalaben da suka fara ja.

"Wa ya ce a ajiye ta a ƙasa?" ya ce. "Matsa, 'yar'uwa."

Ya sunkuya da nishi ya ɗora ta a kan kujera, ya karkata fuskarta zuwa gadon. Sannan ya sa yatsa biyu ya murɗa, ya wuce biyu, ya wuce biyar, ya tsaya.

"Ubana a bakwai yake barin ta," ya ce.

Odell bai iya kiɗa ba, gaskiya ɗaya ce. Ya fara, ya kuskure, ya sake farawa. A karo na uku ya kama tsirkiyar nan ya tura ta sama da iyakar ƙarfinsa, sai abin ya buɗe baki. Gilashin taga ya yi rawa, hoton Luvenia ya karkace a bango, na ji sautin har cikin haƙarƙarina. Ya riƙe shi, jijiyoyin wuyansa duk a waje, bai saki ba sai da kukan ya ƙare don kansa. Ni da ban da saurin hawaye, ran nan na zubar.

"Kin ji ta, Earline?"

"Duk unguwar ta ji."

"To ita ce." Hannunsa ya zame daga wuyan jitar. "Kar a kashe ta. Ina son ganin jan nan."

Ba a kashe ba. Bai ƙara taɓa jitar ba, amma kullum fuskarsa na wajen kujerar. Ranar Laraba da hantsi ya cika, Renita na riƙe da hannunsa.

Bayan an sauka da shi, ɗakin ya yi tsit, sai ɗan gunjin amfilifayar. Renita ta kasa matsawa kusa, ni ma haka. Dikin ne ya je ya kashe ta. Jan kwalaben ya dushe a hankali, shi kuwa ya bar tafinsa a kanta har ta huce.