Farar Giya da Gwaten Acca

Dachung mutumin Vom ne, amma a birnin Alexandria na jihar Virginia yake neman abincinsa, da hanci da harshe. Aikinsa a wani gidan cin abinci shi ne zaɓar wa baƙi giyar inabin da za ta dace da abin da za su ci. Mai cin kifi ya ba shi fara mai tsami-tsami, ta inabin ƙasar sanyi. Mai cin kaza da man shanu ya ba shi mai kauri, wadda inabinta ya sha rana. Kullum cikin gyara wa mutane tebur yake, shi kuwa tun rasuwar matarsa Loveth a tsaye yake cin nasa, gaban firji.

Wata ranar hutu ya tuƙa mota zuwa gonakin inabi na gindin duwatsun Virginia. Matar da ke da ɗaya daga cikin gonakin ta nuna masa wani inabi mai ƙananan 'ya'ya da kaurin ɓawo, ta ce asalinsa kudancin Faransa, kuma shi ke jure ruwa da gumin wannan yanki ba ya ruɓewa. Da ya kurɓi farar giyarsa sai ya ji ɗan zaƙi, tsami na biye. Nan take bakinsa ya tuna masa gwaten accan Loveth, mai yakuwa da gauta da attarugu. Ya daɗe yana cewa babu giyar da za ta iya da gwate.

Ya sayo kwalba, ya nemo acca a shagon 'yan Afirka na Silver Spring, ya gayyaci 'yarsa Olive, wadda ke aikin jinya a Baltimore. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ya ɗora tukunya. Gwaten ya nuna ke nan Olive ta bugo waya, cikin Turanci kamar kullum, ta ce an kira ta aiki.

"Ba komai, Allah ya taimaka," ya ce mata da Hausa.

Ya jima yana kallon faranti biyu. Daga baya ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa Malami, ɗan jarida mutumin Maraɗi, wanda gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Da Malami ya shigo, Dachung ya yi wuf zai kau da kwalbar daga tebur.

"Bar ta, Baban Olive," in ji Malami. "Ni ruwa zan sha. Kai dai ka faɗa mini abin da kake ji."

Dachung ya kai cokali baki, ya kurɓi giyar. Sannan ya ce tsamin giyar ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da yakuwar, zaƙin kuma ya kwantar da zafin attarugun. Ya so ya ƙara da cewa da Loveth na nan da ta yi masa dariya, amma maganar ta ƙi fita. Malami, da yake ɗan manomi ne, ya shiga tambayarsa irin ƙasar da inabin ke so da yadda ake masa sassabe. Suka yi ta hira har la'asar, Malami ya ƙara gwate.

Da ya miƙe zai je salla ne ya ce ƙarshen wata zai koma gida gaba ɗaya, har kayansa sun yi gaba.

"Da mun sani da tuni mun zauna haka," ya ce.

Dachung ne ya kai shi filin jirgi. A hanyar dawowa bai kunna rediyo ba. Sati na zagayowa wasu mata da miji suka tare a ɗakin Malami, suna wani yare da bai taɓa ji ba. Ya taya su shigar da katifa, suka yi masa godiya da ka, suka rufe ƙofa.