Ɗan Farin Dijatu

Daminar da ruwa ya rushe gidajen bakin kwari a Filinge, jama'a sun taru sun yi ta salati, amma ba wanda ya san yadda ake ɗaga mai karaya ba tare da an ƙara masa wata ba. Zamanin mulkin soja ne, umarni ba ya kwana. Kafin damina ta zagayo an aiko wani likita daga Yamai, Malam Yahaya, ya horar da 'yan agaji.

Dijatu mai ƙosai ce kaɗai mace a cikinsu. Matan unguwarsu ne suka turo ta, don sun rantse ko gini ne ya danne su ba ƙaton da zai faɗo musu ɗaki yana lalube. Ta kuwa riƙe abin da gaske. Ta koyi ɗaurin karaya da kara da tsumma, ta koyi tsayar da jini, har samarin da suka fara yi mata dariya suka koma leƙen hannunta.

Ranar gwaji aka shimfiɗa tabarma a gindin gawon da ke filin lakwal, wato makarantar boko. Malam Yahaya ya ce wanda ya yi daidai za a ba unguwarsu akwatin magani a hannunsa, wanda ya kasa sai wata shekara. Ya nuna wani magini mai suna Kailu ya ce ya kwanta, bango ya faɗo masa, ya suma. Sannan ya juya.

“Dijatu, bismilla. Mi aka farawa da shi?”

Ta sani sarai. Ka durƙusa, ka dafa kafaɗar mutum, ka kira sunansa da ƙarfi, don wanda ya suma yakan ji sunansa ko da bai ji komai ba. Amma ta tsaya ƙiƙam.

Kailu ɗanta ne na fari. Baƙo ba zai gane ba, don tun da aka fara horon ba su zauna kusa ba, ba su haɗa ido ba. A ƙasar Kurfai, inda Filinge take, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi zuwa garin Damana, ya dawo da gemunsa. In zancensa ya taso sai ta ce “wancan”, in ta dafa abin da yake so sai ta aika ba tare da ta ce na wane ne ba. Tana sonsa har cikin ƙashinta, kuma ba ta taɓa nunawa ba, don haka aka koya mata mutunci.

Ta durƙusa nesa kaɗan, ta dubi ƙasa. “Kai. Kai, tashi.”

“Wa ak kai?” in ji Malam Yahaya. “Ba ya da suna?”

Wani dattijo ya matso ya raɗa masa magana a kunne. Likitan ya dafe kai.

“Ki gahwarce ni, Inna, ban sani ba. Kailu, tashi, wani ya kwanta.”

Ga hanya an buɗe mata, ba wanda zai ga laifinta. Sai dai idonta ya riga ya sauka kan ɗan. Yana kwance da jar ƙasa a ƙafafunsa, ƙasar ginin mutane, hannunsa ɗaya a lanƙwashe yadda aka ce ya yi. Mutumin da kullum yana kan katanga. In wata rana ba gwaji ba ne fa? Ita ce mai agajin unguwa, ita za a kira. Za ta tsaya kansa tana “kai, kai” har ya tafi ke nan? Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar ruwan.

“A bar shi,” ta ce. “Wanda Allah ya kawo, shi za ni yi ma.”

Ta ja gwiwa ta matso. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa, ta ji ta da tauri, kafaɗar babban mutum, ita da ta san ta tana jariri. Matan da ke leƙe ta bayan darni suka rufe fuska da gyale.

“Kailu.”

Da ƙyar ya fito.

“Da ƙarhi, Inna,” Malam Yahaya ya ce a hankali.

“Kailu! Kailu, kana ji na?”

“Na'am, Inna.”

Filin ya ɓarke da dariya. Malam Yahaya ma sai da ya murmusa. “Haba, Kailu! An ce ka suma. Wanda ya suma ba shi amsawa.”

Kailu bai tashi ba, bai kuma yi dariya ba. Yana kwance yana kallon rassan gawo, hawaye na gangarawa cikin kunnensa.

“Malam, a yi min haƙuri,” ya ce. “Ban taɓa jin shi ga bakinta ba. A sake, wannan karon ba ni amsawa.”