Fatar Kyauta a Cikin Zabirar Alhazai

Saura kwana tara jirgin alhazai ya tashi, Goggo Assibi ta dawo da zabirarta, wai maɓallin yana mata tauri. Ranar na zo daga Godomey, inda nake aure, don in duba Baba. Ya tafi masallaci, sai na karɓa na ce ta zauna, ai ba wani aiki ba ne. Na juye zabirar ciki ya koma waje, na kai ta bakin ƙofa inda rana take. Abin da na gani a jikin shafin ciki ya sa na tsaya cak.

Ɗigo ne ƙanana, uku-uku, uku-uku, kamar duwatsun murhu. Ina shekara takwas Baba ya nuna mini su a cikin wani takalmin gwanjo a kasuwa. Ya ce, "Dijatu, duba da kyau. Ramin gashin akuya a jere yake, na tunkiya a watse. In kin ga uku-uku, alade ne. Ajiye, ki wanke hannu."

Na ce wa Goggo ta dawo gobe. Ban san da wace murya na faɗa ba.

Duk wanda ya san unguwar Zongo ta Kwatano ya san zabirar mahaifina, Jibrilu baduku. Shekara talatin babu alhajin da ya bar unguwar nan ba da ita a hammata ba. Bayanta jar fatar akuya, cikinta shafin fatar tunkiya da aka murza da mai, saboda danshin Kwatano ba ya barin fata ta zauna lafiya, ga kuma jiƙaƙƙen sabulu. Aljihu uku ne: na sabulun salo da soso, na asuwaki da aska, sai ƙaramin na kwalli. A ƙarƙashin marfi yana yin ɗinki ɗan ƙarami da koren zare, alamarsa ke nan. Kuma Baba da baki yake aiki kamar kowane baduku. Ya kama fata da haƙori ya ja, ya lashi bakinta kafin ya naɗe. Wannan ne ya fara faɗo mini a rai.

Kafin in yi aure ni ke yanka shafi. Bana kuwa abubuwa sun canja. Gwamnati ta tara dukawan unguwa ta ce su zama ƙungiya ɗaya, koperatif, aka ba su ɗaki da tebur da tuta koriya mai jan tauraro. Aka naɗa ƙanena Karimou sakatare, don shi ne ya yi lakwal, wato boko. Tun daga ranar ya daina amsa sunansa sai an haɗa da kamarad. Shi ne ya kawo fatar nan, ƙunshi guda, fara sol, mai laushi, kyauta daga wata ƙasar sanyi da aka ce aminiyarmu ce. Har jawabi ya yi a kanta, aka tafa masa. Da ita Baba ya yi shafin zabira ashirin da uku, kuma duk sun shiga hannun masu su.

Ko gyale ban gyara ba na nufi ɗakin nasu da suke kira biro. Na same shi yana buga hatimi a kan takardun da ba wanda zai karanta. Na jefa masa zabirar a kan tebur.

"Mi ne ne wanga, Karimou?"

Bai ko duba ba. A nan na gane ya sani.

"Yaya, rage murya. Nan biro ne."

"Biron uwaka, in ba uwarmu ɗaya ba! Ka san fatar mi ce?"

Ya tashi ya tura ƙofa. Ya ce takardar da ta zo da kayan da Faransanci take, kuma tun ranar farko ya karanta. Ya ce in yi tunani, kyauta ce daga sama, wa ya isa ya mayar? Wanda ya ce ba ya so, sai a ce maƙiyin juyin juya hali ne, kuma na san inda ake kai irin waɗannan.

"Sai na ce bari in kai ma Baba," in ji shi. "Na san da ya ɗora ido zai ƙi ta. In baduku ya ce fata ba ta yi ba, ba ruwan kowa da siyasa. Na shimfiɗa mai ita a gabanai, da rana tsaka, Yaya. Ya shafa, ya sansana, ya ɗaga ta har kusa da hanci. Sai ya ce, madalla, wagga ta yi laushi."

Na buɗe baki in ce ƙarya yake, sai abubuwa suka fara dawo mini. Na tuna yadda Baba ya jawo tabarmarsa daga zaure zuwa bakin titi, wai yana son iska. Na tuna ya daina fara gaida mutane, sai sun yi magana ya kira sunansu. Na tuna yana zura zare a allura da harshe, ni kuma ina dariya ina cewa gwaninta ce. Ashe idon ne ya tafi, ni 'yarsa ina zuwa kowane mako da kwanon abinci ban gani ba.

"To da ka ga haka fa?"

"Da na ga haka mi zan ce? In ce mai Baba alade ne, kuma kai makaho ne? Rana ɗaya?"

Wallahi da akwai taɓarya kusa da na sauke masa ita. Wata biyu yana kallon tsohon nan yana lasar abin nan, yana cin tuwo da shi a kwano ɗaya, bai ce uffan ba. Ya kira wannan tausayi. Ni na san tsoro ne, tsoron kujera da rigar kaki.

Amma da ya kawo dabararsa, ban ƙi ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Ya ce mu bi gida-gida mu ce mannin da aka sa ya lalace, mu karɓo duka, in sake shafin da hannuna, kowa ya tafi Makka bai san komai ba. Sunan Baba ya tsira, idonsa ya zama sirrin gida. Na ce to, amma sai Baba ya ji.

Mun same shi a bakin ƙofa yana goge basilla. Na durƙusa na miƙa masa shafin.

"Baba, duba wanga."

Ya karɓa, ya juya, ya kai kusa da fuska, ya nisantar. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, a hankali, "Mi ke jikinta, Dijatu?"

"Duwatsun murhu, Baba."

Ya ajiye ta a ƙasa kamar garwashi. Ya ce a ba shi buta. Ya kurkure baki ya zubar, ya sake, ya sake, har ruwan ya ƙare ya ce a ƙaro. Ina tsaye ina kallo, hawaye na zuba, amma ba na tausayi kaɗai ba ne. Haushinsa nake ji shi ma.

"Don mi ba ka faɗa mini ba? Ni ba ɗiyarka ba ce? Da na bar Godomey na dawo na yanka maka shafi kamar da!"

"Wa zai ba makahon baduku aiki?" in ji shi. "Hannuna bai manta komi ba. Na ce hannun ya ishe ni."

Karimou ya tsuguna ya zayyana dabararsa, har da lissafin gidan da za a fara. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Asuwakin fa?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba:

"Alhaji Boureima ya karɓi tashi tun sati uku. Na san shi, ba ya ajiye sabon abu. Asuwakinai na ciki, kullum da asuba yana sa shi a baki. Ku sake shafi, asuwakin fa? Sabulun fa? Za ku bar su su tafi da su har Ɗakin Allah don kar a ce idona ya mutu?"

Na ce za mu san yadda za mu yi. Na ɗaga murya, na ce sunan da ya gina shekara talatin ne zai rushe a yini ɗaya saboda laifin wani. Ya ce shi ya ɗinka, koren zarensa ne a jiki, ba na kowa ba.

Ranar Juma'a, da aka sallame, ya sa aka tsayar da shi a ƙofar masallaci. Ni ina tsallaken titi wajen masu ƙosai, ina jin komai. Ya ce duk wanda ya karɓi zabira a hannunsa bana ya dawo da ita, ya zubar da abin da ya sa a ciki, ya wanke abin da zai wanku, domin shafin fatar alade ce.

Wurin ya kaure. Wasu na salati, wasu na tofar da yawu. Sai Yero ya ratso mutane. Yero dillalin shanu ne, abokin Baba tun suna samari, kuma bana ne Allah ya kira shi Makka bayan shekara da shekaru yana jira. Idonsa ya yi jawur.

"Jibrilu! Kai da kake hango kirgi daga tsallaken hanya ka ce wagga saniyar Parakou ce? Kai za ka ce ba ka san alade ba? Faɗa muna gaskiya, da gangan ka yi?"

Karimou yana nan, sahu na biyu daga ƙofa, cikin kakinsa. Na zuba masa ido. Kalma ɗaya ta ishe shi: ni na kawo, na karanta, na yi shiru. Ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa.

Baba ya juya fuskarsa wajen da muryar ta fito, amma ya ɗan kauce, yana kallon kafaɗar wani.

"Ban gani ba, Yero," ya ce. "Ba ni gani. Ko kai yanzu muryarka nika ji."

Bai ambaci kyautar ba, bai ambaci ɗansa ba. Na taka zan tsallaka titin in faɗa da bakina, wata mai ƙosai ta riƙe mini zane ta ce, "Ɗiyata, kina so a kwashe ku duka?" Na tsaya. Har yau ina jin haushin kaina da na tsaya.

Washegari Yero ya zo da fatun tumaki shida jemammu, ya zube su a zaure, ya zauna kusa da Baba har azahar. Ni na farke zabira ashirin da uku. Bayan zabirar ma, tunda ya taɓa shafin, ban yarda da shi ba, sai da na yanka sabo daga jar fatar da Baba ya ɓoye don shekara mai zuwa. Kwana shida ina yi, yatsuna suka fashe. Baba yana gefe, duk wadda na gama sai ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya ce nan ya karkace, in farke in sake. Karimou ya zo sau ɗaya zai taya ni, na ce in ya taɓa fatar nan sai na yanke masa hannu. Ƙarshen shekara aka ba ƙungiyarsu takardar yabo, ya sa ta a gilashi ya rataye.

Da na zo kan ta ƙarshe, ta Goggo Assibi, na zura koren zare na miƙa wa Baba tare da basilla, don ya yi alamarsa a ƙarƙashin marfi. Wannan ko a mafarki zai iya. Ya riƙe su, ya shafa marfin, sannan ya mayar mini.

"Ba aikina ba ne. Nemi wani launi ki sa naki."

Alhazai suka tafi suka dawo lafiya. Ba wanda ya zagi Baba, kowa ma yabonsa yake, ana cewa mutumin kirki ne. Sai dai suna gaishe shi da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu, kuma ba wanda ya ƙara kawo masa ko igiyar takalmi. Kullum da safe yana sa a shimfiɗa masa tabarma a bakin titi, ya jera basilla da wuƙa da zare a gabansa.

Wata rana ina zaune kusa da shi, Alhaji Boureima ya biyo ta gabanmu da yagaggiyar jaka a hammata, zai kai wa wani baduku a unguwar Gbégamey. Da ya hango mu sai ya rage taku, ya bi gefen kwata yana sanɗa, bai yi sallama ba. Na yunƙura zan yi magana, Baba ya dafa mini gwiwa.

"Alhaji Boureima," ya ce, "a sauka lafiya. Ka ce mai ya ninka zaren, wurin hannun ne ke fara ci."